Rakiyar Inna Tumba Daga Galadi

Tun da na dawo daga Zamfara ban sha ruwa da daɗi ba. Duk wadda ta shigo gidana, kafin ta gama sallama ta jefo tambaya: yaya garin, da gaske ne mace ba ta hawa babur, na ga an yi wa wani bulala? Waɗanda suka fi matsa mini su ne Hajiya Rabi da Maman Sadiya, kuma da su muka ɗaga hannu a Islamiyyarmu ta Tudun Wadan Zariya ranar da aka ce ana neman mata 'yan sa-kai. Ana gobe tafiya ɗaya ta tashi da ciwon ƙafa, ɗayar kuma maigidanta ya tuna bai ba ta izini ba. Ni da ba ni da miji a raye balle in laɓe bayansa, sai na ɗauki jakata. To ga labarin nan na rubuta, kowa ta karanta ta bar ni in huta.

Bulala dai ban gani ba. Abin da ya kai ni aikin ido ne. Wata ƙungiyar taimakon kai da kai a Ƙaura Namoda ta gayyato likitoci su cire wa tsofaffi yanar ido kyauta, kuma da yake daminar farko ce bayan ƙaddamar da Shari'a, aka ce majinyata mata sai mata ne za su kula da su. Ranar Juma'a likitocin za su yi aikin ƙarshe, Asabar su tattara kayansu, wanda bai samu shiga ba sai dai ya jira wani jiƙon, in da rabo. Na tafi da niyyar yi wa mata tuli hidima. Ƙarshenta mace ɗaya tak na yi wa, ita ma saura ƙiris bakina ya ja mata asarar idon.

Daga Zariya na hau motar Funtuwa, daga can na sauya ta Gusau. Har muka yi nisa ba abin da ya bambanta da kowace tafiya. Kaset na tashi, wani mai maganin basir yana ta zuba, ni kuma an matse ni tsakanin wata mai goyo da wani dattijo mai buhun albasa. Muna dosar iyakar jiha wajen 'Yankara direba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Na ɗauka lalacewa ta yi, ashe gyaran zama za a yi. Ya zare kaset ɗin waƙa ya sa na wa'azi, mata muka koma baya, maza suka dawo gaba, wata 'yar makaranta ta zaro hijabi daga leda har da karin guga. Dattijon nan da ya sha gyangyaɗi a kafaɗata tun Funtuwa, sai ga shi ya juyo daga gaba yana gaishe ni kamar yau ya fara ganina. Ba shinge, ba ɗan sanda, allon maraba ne kawai a gefen hanya. Na tambayi direba wa ya ce a yi haka, ya ce ba kowa, amma dai ai an shigo.

A Gusau na tsaya bakin tasha ina ɗaga wa 'yan acaɓa hannu. A can kabu-kabu suke cewa. Duk wanda ya taho sai ya rage gudu, ya dube ni, ya ce Allah ba da haƙuri, ya wuce. Har na fara duba jikina ko wani abu ne ya zubo mini. Wata mai sayar da gyaɗa ce ta ji tausayina ta nuna mini tasi ta mata, ita ta kai ni tashar Ƙaura.

Ofishin ƙungiyar shago ne a bayan rumfunan hatsi. Allon ƙofar tun na da ne, an shafe "Jihar Sakkwato" da farin fenti an rubuta Zamfara a kai, amma ruwan sama ya wanke fentin, sai ka karanta duka biyun ka zaɓi wadda ta yi maka. Shugaban ƙungiyar dillalin gero ne, sunansa Malam Mande. Ya gaishe ni, ya gaida mutanen gidana, ya gaida Zazzau da kewaye, har ya tambayi lafiyar ruwan sama a wajenmu. Da na samu ya ja numfashi na ce a nuna mini aikina.

"Hajiya, baƙo ba shi aiki ran da yaz zaka," in ji shi. "Ki huta dai."

Washegari na sake tambaya, ya ce ai jiya na zo.

A gidan yayarsa aka sauke ni, a wani ɗaki da muka raba da buhunan gero da wata kaza mai kwanci. Kazar ta riga ni zama, don haka ni ce mai lallaɓawa. Abinci kuwa sai da na roƙi arziki. Tuwon dawa da miyar kuka, fura mai kauri da suke kira hura, da wani abu wai shi hoce, mai kama da waina amma busasshe. Na ɗauka na gatsa kai tsaye, haƙorina ya yi ƙara, matan gidan suka sunkuyar da kai suna dariya cikin mayafi. Ashe marmasa shi ake yi a kwaɗa da ƙuli da mai da albasa. Da aka haɗa mini yadda ya kamata kuwa sai da na nemi ƙari.

Da aka bar ni na je asibitin da ake aikin idon, na tarar da tsofaffi jere a tabarmi, kowa da mai yi masa fifita. Na ɗauki buta zan cika, wata ta karɓe. Na ɗauki tsintsiya, wata ta riƙe hannuna ta rantse da girman Allah. Aka kawo kujera aka ajiye ni a inuwa, mutane suna zuwa suna gaishe ni layi-layi, har wasu majinyatan da ba sa gani ana jan su a kawo su. Na zo yi wa marasa lafiya hidima, sai ga marasa lafiya suna tasowa daga tabarma saboda ni. Raina ya ɓaci, amma ban san wa zan yi wa faɗa ba, don kowa kirki yake yi mini.

Yadda suke gudanar da ƙungiyar ma har yau ban gane ba. A Islamiyyarmu muna da sakatariya, muna da ranar taro, muna da tarar makara, kuma sai mu shekara muna gardama a kan kalar anko. Su ban taɓa ganin sun zauna taro ba. Ana cikin gaisuwa wani zai ce an ji labarin wata tsohuwa a Ɗan Isa, wani ya ce Allah sarki, wani ya tashi kamar zai kama ruwa. Zuwa la'asar sai ga tsohuwar a kan tabarma ana yi mata fifita. Na tambayi Malam Mande wa ya ba da umarni, ya ce ai an yi magana, ina wurin.

Da ya ga na fara ɗaure fuska sai ya ce in je Zurmi, akwai ƙungiyar mata a can masu dafa wa majinyatan da ba su da kowa, ba za a rasa mini abin yi ba. Na tafi da murna ranar Laraba. Ashe labari ya riga ni isa cewa ga Hajiyar aikin ido nan daga Zariya. Ina shiga gidan shugabarsu, Hajiya Kulu, na tarar da tsakar gida cike da tsofaffi. Ta farko ta durƙusa gabana ta buɗe fatar idonta da yatsu biyu. Na ce ni fa atamfa nake sayarwa. Suka dubi juna suna jinjina kai, aka ce ka ji masu ilimi, ba sa son a sani. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa ido ina cewa a je Ƙaura kafin Juma'a. Wata ta dawo daga baya ta ce tun da na duba ta ta ji sauƙi.

A nan ne dai na samu na taɓa muciya. Tukunyar tasu sai mutum biyu ke sauke ta, kowace mace ta kawo abin da ta samu na gari ko kuka ko daddawa, ba a tambayar wa ya kawo me. Na tuƙa tuwon nan har gumi ya karyo mini, ina jin daɗi yau na ci ladata. Hajiya Kulu ta matso a hankali ta ce an gode, ta karɓi muciyar, ta shiga murje gudajin da na bari. Da zan tashi suka haɗa mini ƙwan zabi a leda. Kafin mu kai kwalta rabinsu sun fashe a kan hijabina na fita unguwa.

Ina Zurmi saƙon Malam Mande ya same ni ta bakin wani direba. Wai mutanen Shinkafi suna neman mace ido rufe. Akwai wata tsohuwa a Galadi, Inna Tumba, yanar ido ta rufe mata duka biyun, an yi an yi ta zo Ƙaura ta ƙi. Ta ce ba ta bin maza zuwa garin da ba ta sani ba, wa zai kai ta bayi, wa zai ɗaura mata zane? Matan gidansu kuwa ɗaya tana jego, ɗayar ko sunan asibiti ta ji sai ta hau rawar jiki. Na ce abin nema ya samu. Na tambaya ko Shinkafi da nisa, aka ce nan ce kusa. Abin da mutanen can ke kira kusa sai da ya ci mini rabin yini, don sai da na koma ta Ƙaura na sake hawa wata motar.

Ranar Alhamis na faɗa Shinkafi, kasuwa na ci. Ban taɓa ganin dabbobi da yawa haka wuri ɗaya ba, ga raƙuma, ga mutanen Nijar da rawunansu. Wata mata daga can ta ji an ce aikin ido, ta kama hannuna tana tambayar ko ni ce lokotoro, wato likita. Na ce wannan rigar na cire ta tun a Zurmi. Na so in ga iyakar ƙasa don in samu abin faɗa muku, na tambayi wani mai shayi, ya nuna arewa da haɓa ya ce tana can, amma shi bai taɓa ganinta ba duk da gonar kawunsa a bayanta take.

Ƙungiyar Shinkafi ta direbobi ce da 'yan kabu-kabu, aikinsu ɗaukar marasa lafiya kyauta. Shugabansu ya ce gobe da hantsi motarsu ta ƙarshe za ta tashi zuwa Ƙaura, in na kawo tsohuwar kafin lokacin shi ke nan. Sannan ya nuna mini wani mutum mai matsakaicin shekaru, tsaye jikin wani tsohon babur, hularsa ta sauko har kunne.

"Ga Nomau nan, mutumin Galadi na, shi ka nuna maki gidan."

Iyakar abin da aka gaya mini ke nan a kan Nomau. Na hau bayan a-kori-kura da matan da suka ci kasuwa, shi kuma ya biyo mu a baya. Ni a wurina ɗan ƙungiya ne kamar sauran.

Inna Tumba 'yar ƙaramar tsohuwa ce, amma bakinta ya fi jikinta girma. Tana jin sallamata ta ce in matso ta taɓa baƙuwar Zazzau. Ta shafa fuskata, ta shafa damtsena, ta ce lallai a Zazzau ana cin abinci. Na tambaye ta tun yaushe idon ya rufe.

"Tun muna Sakkwato," in ji ta. "Ni ban ga Zamfara ba, ji nika yi an ce muna cikinta."

Muna cikin dariya Nomau ya yi sallama daga bakin ƙofa ya durƙusa. Nan take tsohuwar ta yi tsit, ta juya fuskarta bango. Ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya ɗan jima a durƙushe, ya ajiye ƙullin goro a bakin ƙofar, ya tashi ya fita. Na ce Inna, mutumin nan fa shi ya rako ni. Ta ce in ƙyale wancan, in ba ta labarin jirgin ƙasa. Na ja wata maƙwabciya gefe na tambaye ta me ke tsakaninsu, ta rufe baki tana dariya ta ce haka suke. Ni kuwa na haɗa nawa labarin a raina. Na ce ko rikicin gona ne, ko wata tsohuwar gaba ta dangi, har na fara jin haushin shugaban Shinkafi da ya rasa wanda zai haɗa ni da shi sai abokin gabar majinyaciyata.

Ta yarda za ta bi ni, tunda mace ce ta zo. Amma kafin gari ya waye aka tafka ruwa, hanya ta jiƙe, kuma aka ce mota ba ta shigowa Galadi sai ranar kasuwa. Amalanke kuwa sai ta kai mu bayan an sauko daga Juma'a. Babur ɗin Nomau kaɗai ya rage. Ana faɗa mata ta ce ba ta hawa. Na ce ko dokar ce take tsoro, ta ce ita ina ta san doka. Na ce yau ce ranar ƙarshe, in ta wuce shi ke nan. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Na ji kamar in ɗora hannu a ka. Shi kuma Nomau yana can nesa yana goge babur ɗin da ba abin da ya same shi.

Matan unguwa ne suka samo dabara. Aka ɗaure kayanta a zane aka yi ƙunshi babba, aka sa shi a bayan Nomau. Aka ɗora Inna Tumba a bayan ƙunshin, ta rungume shi, ni kuma na hau can ƙarshe na rungume ta. Duk tsawon hanya ba wanda ya yi wa wani magana a cikinsu. In mun zo wurin caɓi sai Nomau ya ce, Hajiya, a riƙa da kyau. In ya ɗan taka sai ta ce mini in gaya wa mai babur ya rage gudu. Ni ce a baya, amma duk maganar da za ta yi tafiyar taku ɗaya sai ta zagayo ta wurina.

Muna dab da shiga Shinkafi 'yan agaji suka ɗaga mana hannu. Samari ne masu kaki, su ma 'yan sa-kai ne irina, suna lura da sabuwar doka. Babbansu ya yi sallama da ladabi, ya ce mace ba ta hawa bayan namijin da ba muharraminta ba, ko akwai dangantaka? Kafin kowa ya buɗe baki na riga shi. Na ce babu komai tsakaninmu da shi, ɗan ƙungiya ne aka haɗa mu, ita tsohuwar ma ko gaisuwarsa ba ta amsawa, larura ce ta sa muka hau, asibiti za mu. Na faɗa da ƙarfina, ina ganin gaskiya na yi wadda za ta sa a tausaya mana.

Suka juya wurin Nomau. Ya dubi ƙasa ya ce ta gidansu ce. Suka ce gidansu ta yaya, ga Hajiya ta ce babu komai? Ya ƙara duƙar da kai. Suka tambayi Inna Tumba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai suka ce mu sauka mu zauna a benci, za a kira dattijonsu, shi zai san abin yi. Har ruwa suka kawo mana.

Rana tana ta ɗagawa, hantsi ya dubi ludayi, ni kuma hankalina yana kan motar nan. Na yi roƙo, na yi faɗa, na kawo hadisin da ban tabbatar da shi ba. Samarin suna ta ba ni haƙuri. Na dubi Nomau na ce shi ba shi da baki ne? Ya ce Hajiya ai kin riga kin yi magana. Na ce to ƙarya na yi? Ya ce a'a, shi bai ce ba. Wallahi a lokacin ban san wa ya fi ba ni haushi ba tsakanin shi da ita.

Da dattijon ya iso bai bi ta kaina ba. Ya durƙusa gaban Inna Tumba ya gaishe ta, ya tambayi mutanen Galadi, sannan ya sassauta murya.

"Inna, mi ag gaminku da wanga mai babur?"

Ta ƙara nutsewa cikin mayafi har na fid da rai. Na raɗa mata cewa idonta ne fa, in motar nan ta tashi ba wata. Can daga cikin mayafi ta yi magana, da ƙyar ake ji.

"Wanda yay yanka mai ragon suna, shi yab biya sadakina."

"Ɗan hwari na?" in ji dattijon.

Ba ta amsa ba, kuma ba wanda ya sake tambaya. Ɗanta ne na cikinta, na fari. Samarin suka sunkuyar da kai kamar su suka yi laifi. Nomau kuwa tuni ya zagaya bayan bishiya.

Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. Kakata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan babana ba. Amma a wajenmu abin ya tsaya a suna, shi ma ya kusa ƙarewa, ga Maman Sadiya nan da sunan 'yar farinta ake kiranta tana amsawa da ƙarfi. Ban taɓa ganin wadda ta kai uwa ta ƙi amsa gaisuwa, ta ƙi taɓa bayan ɗanta a kan babur, ta gwammace ta zauna a makance da ta ce nawa ne ba. Daga baya aka gaya mini tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, a can ya girma, kuma duk Galadi da tashar Shinkafi kowa ya sani. Ba wanda ya gaya mini ne saboda ba a faɗa a gabanta, a bayanta kuma ba wanda ya zaci akwai mai buƙatar a gaya masa. Shi kuma ba ya iya cewa uwata a kunnenta, balle ya ƙaryata baƙuwa a gaban mutane. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Dattijon ya ce to uwa da ɗa ba ruwan kowa da su, su hau su tafi. Sannan ya juyo. "To ke hwa, Hajiya?" Sai a lokacin na gane duk cikinmu ni kaɗai ce ba ni da hurumin hawa babur ɗin. Inna Tumba kuma ta ce ba inda za ta ba ni. Ƙarshe aka ɗora ta a kan babur ita da ƙunshinta, Nomau ya kama ƙaho yana turawa a ƙasa, ni ina gefe na riƙe ta, 'yan agaji biyu suna gaba suna buɗe mana hanya. Haka muka ratsa Shinkafi, mutane suna tsayawa suna tambayar ko mai ne ya ƙare.

Motar ba ta tashi ba. An ce da hantsi, amma direban yana can yana gaisawa da wani. Ranar ce kaɗai a rayuwata na yi wa rashin kiyaye lokaci godiya. Aka sa mu a baya, Nomau ya biyo mu a babur har Ƙaura.

Mun isa an sauko daga masallaci, ana ta naɗe tabarmi. Malam Mande ya gan mu, ya shiga ciki kamar zai kama ruwa, sai ga ma'aikaciyar jinya ta fito ta kama hannun Inna Tumba. Tana cikin na ƙarshe da aka shigar. Ido ɗaya aka yi mata, aka ce ɗayan sai wani zuwan. A nan na samu aikin da na baro Zariya dominsa. Na kai ta bayi, na ɗaura mata zane, na dama mata fura, na hana ta sosa bandejin, ba wadda ta karɓe mini buta. Nomau yana waje ƙarƙashin dalbejiya. In ya sayo abu sai ya aiko a kira ni ya ba ni, ya tambaya ko an ci abinci, ko an yi barci. In na koma sai ta karɓa ta ci, ba ta tambayar daga ina.

Da safiyar Asabar likita ya cire bandejin. Ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba, sannan ta ɗaga hannunta ta juya shi gaba da baya tana kallo. Ta dubi likita ta ce ashe yaro ne. Ta dube ni ta ce muryata ta fi ni ƙuruciya. Ta faɗi kalar zanen kowa a ɗakin, ta ce wa wata mata ɗankwalinta bai dace da rigar ba. Ni dariya nake yi ina kuka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Sai Nomau ya yi sallama a bakin ƙofa ya durƙusa. Ina kallonta. Na ce yau kam ko dutse ne zuciyarta za ta ɗago. Ta sauke idon nan sabo ƙasa, ta ja mayafi, ta juya bango. Ya yi wa likita godiya, ya yi mini godiya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Mutumin nan ya tura babur a ƙasa ya ratsa gari, ya kwana a gindin bishiya, a ce ko kallo ɗaya bai samu ba. Na so in yi magana, na tuna abin da bakina ya ja mana jiya, na kama kaina.

Da azahar ina haɗa mata kaya za mu tafi, na ji ta yi shiru, abin da ba halinta ba ne. Na waiwaya. Ta matsa jikin taga, ta kare idon da tafin hannu saboda haske. A waje Nomau ne a bakin famfo yana alwala, ya ba mu baya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa zai yi shafar kai. Ta daɗe tana kallonsa, ko ƙiftawa ba ta yi. Na zo na tsaya kusa da ita.

"Ashe har ya yi hurhura," in ji ta a hankali.

Ya gama ya mai da hularsa, ya fara juyowa. Ta yi maza ta bar tagar ta koma bakin gado, ta laluɓo hannuna ta matse, ko da yake yanzu ba ta buƙatar lalube.

"Kak ki hwaɗa mai."

Ban faɗa masa ba.